MAKALAR MAKO: Tarihin Ƙurar da ke Yawo Cikin Haske da Masu Kallonta

Wannan karon tarihi za mu taɓa, kuma tarihin wani abu ne da babu wanda bai taɓa gani ba a cikinmu.

Da hantsi, bayan an gama shara, rana kan shigo ɗaki ta hudar kwano ko ta kafar taga, ta miƙe kamar zare. A cikin zaren nan sai ka ga ƙananan abubuwa suna hawa suna sauka, suna juyi a hankali. Yawancinmu kallo ɗaya muke yi mu ci gaba da harkarmu. Amma akwai yaron da zai zauna gaban hasken nan rabin awa, yana sa yatsa yana cirewa, a kira sunansa sau uku bai waiwayo ba. A unguwanninmu mun san abin da ake faɗa a kansa. Wani ya ce miskilanci ne, wani ya ce ba ya ji, wata ta ja uwarsa gefe ta ce a nemi taimako, akwai iska a lamarin.

Wasu daga cikin irin waɗannan yara suna da yanayin da likitoci ke kira otizim, wanda kafafen labaranmu ke fassarawa da galahanga. Kalmar galahanga a bakin mutane tana ɗaukar lalurori da yawa da ba su da alaƙa da juna, don haka a nan za mu riƙe otizim. Tambayar da za mu bi tarihinta ita ce: idon yaron nan yana ganin abin da namu ba ya gani ne, ko kuwa abu ɗaya muke gani, shi ya tsaya mu muka wuce?

MASU KALLON ƘURA NA FARKO

Kafin a zo kan yaron, ita ƙurar tana da nata tarihin. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, wani mawaƙin Rumawa mai suna Lucretius ya rubuta doguwar waƙa a kan yadda duniya take. A cikinta ya yi bayanin ƙurar da ke yawo a zaren hasken rana, ya ce tabbas akwai wasu abubuwa da suka fi ta ƙanƙanta, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke tunkuɗa ta. A yau mun san cewa motsin iskar ɗaki ne ke kaɗa mafi yawan ƙurar da muke gani, amma tunaninsa na cewa akwai ƙwayar zarra da ba a gani ya tabbata daga baya.

Larabawa suna da kalma guda ta musamman ga wannan ƙura, suna ce mata haba'u. Kuma wani malaminsu, Ibn al-Haitham, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya mayar da ita kayan aiki. A littafinsa Kitabul Manazir ya nuna cewa idan haske ya shigo ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa, ƙura ko hayaƙin da ke cikin iska ne ke bayyana hanyar da ya bi, kuma hanyar a miƙe take. Shi ne kuma ya kafa hujja cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, saɓanin masu cewa ido ne ke fitar da haske.

A 1827 wani masanin tsirrai ɗan Sikotilan, Robert Brown, ya sa bununin fure cikin ruwa ya duba da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa. Sai ya ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da suka fito daga bununin suna karkarwa ba tsayawa. Ya yi zaton rai ne da su. Don ya tabbatar, ya daka gilashi da duwatsu iri-iri ya gwada, garinsu ma ya yi karkarwar. Bai gano dalili ba har ya mutu. Sai a 1905 Albert Einstein ya yi lissafin da ya nuna cewa ƙwayoyin ruwan ne da ba a gani ke bugun su ta kowane gefe, Jean Perrin na Faransa ya tabbatar da lissafin da gwaji a 1908, aka ba shi kyautar Nobel a 1926.

Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne John Tyndall na birnin Landan. A 1870 ya gabatar da lacca a kan alaƙar ƙura da cuta. Bayan 'yan shekaru ya ƙera akwati, ya shafe cikinsa da gilisarin, irin wanda muke shafawa da hunturu, ya rufe ya bar shi kwanaki har duk ƙurar ciki ta sauka ta manne. Da ya haska fitila ta cikin akwatin, zaren hasken bai fito ba sam. Ya sa dafaffen romo a ciki, romon ya daɗe bai lalace ba, alhali wanda ke waje ya ruɓe cikin kwanaki. Da wannan ya ƙarfafa maganar Louis Pasteur cewa ƙwayoyin cuta a kan ƙura suke tafiya.

Darasin Tyndall zai yi mana amfani nan gaba: ƙurar tana nan a ɗakin tun kafin rana ta shigo. Yawancinta ta fi silin gashi siranta, sai haske mai ƙarfi ya buge ta, bayanta kuma da duhu, sannan take bayyana. Mu da muke shaƙar hazon da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, daga Nuwamba zuwa Maris, ba ma bukatar a gaya mana cewa iska ba fanko ba ce.

Mu lura da abu guda. Duk waɗannan mutane sun zauna sun ƙura wa ƙura ido, tarihi ya kira su masana. Yanzu mu ga abin da ya kira yaron.

YARAN DA AKA RUBUTA LABARINSU

Kalmar otizim wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, Eugen Bleuler, ya yaɗa ta a 1911, daga kalmar Girkanci mai nufin "kai", kuma a kan wata cuta daban ta manya ya yi amfani da ita. Wadda ta fara bayanin yaran dalla-dalla mace ce, Grunya Sukhareva, likita a birnin Masko. A 1925 ta rubuta labarin yara maza 6 da take kula da su, ta ambaci yadda ƙara da wari ke damun wasunsu fiye da sauran yara. An buga aikin da Jamusanci a 1926, sannan aka manta da ita shekaru masu yawa.

A watan Oktoba na 1938 wasu iyaye daga wani ƙaramin gari a jihar Misisipi ta Amurka suka kai ɗansu mai shekara 5, Donald Triplett, wurin Leo Kanner a asibitin Johns Hopkins. Kafin su zo, uban ya aika da wasiƙa mai shafi 33 yana bayanin ɗansa: yadda yake juya faranti da murafu yana kallonsu suna wulwulawa, yadda ya haddace abubuwa tun yana ƙarami, yadda ba ya kula da wanda ya shigo ko ya fita. A 1943 Kanner ya buga bayanin yara 11, maza 8 mata 3, Donald ne na farko. Ya lura cewa idan aka gusar da abu ɗaya ƙarami a ɗaki ko a jerin kayan wasansu, nan take suke ganewa, hankalinsu ya tashi, kamar ɗakin gaba ɗaya ya zama wani. Bayan shekara guda Hans Asperger na birnin Biyana ya buga nasa bayanin a kan yara 4, shi ma ya ambaci yadda suke lura da ƙananan abubuwa. Shi Donald ya girma, ya yi karatu, ya yi aiki a banki, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Sai dai tambayar da aka bi bayan nan ba ta gani ba ce, ta laifi ce. Kanner ya rubuta cewa da yanayin ake haifar yaran, amma ya kuma ce iyayensu masu sanyin hali ne, har ya kwatanta tarbiyyarsu da ajiye yaro a firiji. Bruno Bettelheim na Chikago ya ɗauki wannan ya faɗaɗa, musamman a littafinsa na 1967, ya ce yaron ya janye daga duniya ne saboda uwarsa ba ta son sa. A wannan fahimta, yaron da ke kallon ƙura gudun mahaifiyarsa yake yi. Iyaye mata da yawa sun kwana da wannan baƙin ciki, wasu an raba su da 'ya'yansu da sunan magani.

Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan'adam wanda ɗansa ke da otizim, ya fito da littafi a 1964 yana cewa lamarin daga ƙwaƙwalwa yake. A 1969 Kanner da kansa ya tsaya gaban taron iyaye ya wanke su daga zargi. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka bincika tagwaye 21 a Ingila, suka nuna cewa gado yana da babban hannu. Sai a lokacin hanya ta buɗe aka koma kan tambayar asali: me yaron yake gani?

ALWATIKA A CIKIN KEKEN JARIRI

A 1983 Amitta Shah da Uta Frith a Landan suka ba yara wani gwaji mai sauƙi. Za a nuna wa yaro siffa, misali alwatika, sannan a ba shi zanen wani abu, misali keken tura jariri, a ce ya nemo inda alwatikar ta ɓuya a cikin zanen. Yawancin yara keken suke gani, keken ya rufe musu ido. Yaran da ke da otizim sun fi takwarorinsu nemo siffar. Wannan ya ba mutane mamaki, domin an saba jin abin da waɗannan yara suka gaza, ba abin da suka fi kowa ba.

A littafinta na 1989 Frith ta ba da bayani. Ta ce ƙwaƙwalwar yawancin mutane tana saurin tattara ƙananan abubuwa ta fitar da ma'ana guda, ta zubar da saura. Ka shiga ɗaki, ƙwaƙwalwarka ta ce "ɗakin Inna ne", shi ke nan, ba ruwanta da ƙura ko tsagar bango. A ganinta wannan tattarawar ce ke da rauni a otizim, shi ya sa gutsattsarin ke fitowa fili.

Wasu masana a birnin Montiriyal na Kanada, ƙarƙashin Laurent Mottron, ba su yarda da kalmar rauni ba. A 2006 suka ce gani da ji ne ke aiki da ƙarfi fiye da yadda aka saba. Cikin waɗanda suka rubuta takardar akwai Michelle Dawson, mai otizim, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya. A shekarar ce kuma Frith da ɗalibarta Francesca Happé suka gyara matsayinsu, suka ce abin ya fi kama da karkata ko salon kallo, domin idan aka ce wa mai otizim ya dubi hoton gaba ɗaya yakan iya.

Kafin nan ma masu yanayin sun fara magana da bakinsu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Donna Williams 'yar Ostireliya, a littafin tarihin rayuwarta na 1992, ta ba da labarin yadda tana ƙarama take ganin ɗige-ɗige a cikin iska, ta nutse cikin kallonsu, mutanen da ke giftawa su zama masu tare mata kallo. Temple Grandin ta Amurka ta ce takan zauna bakin teku tana zuba yashi ta tsakanin yatsunta tana nazarin kowace ƙwaya. Da ta girma ta shiga aikin dabbobi, ta riƙa shiga lungun da ake kora shanu ta durƙusa ta kalli hanya daga tsayin idon saniya. Nan ta ga abin da ke sa su turjewa: sarƙa mai lilo, rigar da aka rataya a shinge, inuwa a ƙasa, ƙyallin ruwan da ya kwanta. Ma'aikatan kullum suna wuce waɗannan abubuwa. Ta zama farfesa a jami'ar jihar Kolorado, tsarinta ya sauya yadda ake gina mayanka a Amurka.

IDON GAGGAFA

Nan ne inda ya kamata mu marubuta mu buɗe kunne. A 2009 wasu masana daga jami'ar Kambirij suka buga bincike a wata babbar mujalla. Sun gwada kaifin idon mutum 15 masu otizim da wasu 15 marasa shi, suka ce masu otizim suna iya karanta abu daga nisan ƙafa 20 wanda sauran mutane sai sun matso ƙafa 7. Suka ce wannan ya kusa kaifin idon tsuntsaye masu farauta, har suka sa idon gaggafa a kan takardar. Labari ne mai daɗi, ya bazu.

Sai Michael Bach na Jamus, wanda shi ne ya ƙirƙiro manhajar kwamfutar da aka yi gwajin da ita, ya duba tare da Steven Dakin na Landan. Suka ga an zaunar da mutanen kusa da fuskar kwamfuta, nisan santimita 60 kacal. A wannan kusanci, ɗigon fuskar kwamfutar ya yi girman da ba za ta iya nuna alama ƙarama da za ta auna irin wannan kaifi ba. Wato alƙaluman daga saitin manhajar suka fito. A 2011 aka sake gwajin daga nisan mita 4, tare da Dakin da ɗaya daga cikin masu binciken farko, ba a sami bambanci ba. Sun cancanci yabo da suka yarda aka sake awo. Amma har yau za ka ci karo da maganar idon gaggafa a intanet, gyaran kuwa sai wanda ya nema.

A 2015 masana a jami'ar Luben ta Beljiyam suka tattara bincike 56 da suka shafi masu otizim kusan 1,000. Ba su sami hujjar cewa a ko'ina masu otizim sun fi kowa ganin ƙananan abubuwa ba, ba su kuma sami hujjar cewa ba sa iya ganin hoto gaba ɗaya ba. Abin da ya fito shi ne sukan ɗan fi jinkiri wajen kama hoton gaba ɗaya idan ƙananan abubuwan da ke cikinsa suna jan hankali wani wajen.

To ina tarihi ya ajiye mu? Ƙwayar idon iri ɗaya ce da tamu. Bambancin, inda yake, yana wajen abin da ƙwaƙwalwa ke zaɓa ta riƙe da abin da take zubarwa, da kuma tsawon lokacin da hankali ke tsayawa kan abu. Kuma ba kowane mai otizim ke da shi ba. A 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke bi wajen gano lalura ya sa wannan cikin alamomi: yawan jin ƙara, wari, taɓi ko haske, ko ƙarancin jinsu, da shagala da kallon haske ko motsi. Alama ce guda cikin da yawa. Kallon ƙura kaɗai ba ya nuna yaro yana da otizim, wannan aikin likita ne. Wasu ɗige-ɗigen ma a cikin ido suke, kamar zaren da ke yawo idan ka kalli farin bango, kuma kowa na iya ganinsu.

Kada kuma a ce abin na Turawa ne. Tun 1978 Victor Lotter ya buga binciken da ya yi a wasu ƙasashen Afirka, har da Najeriya da Gana, ya sami yara masu wannan yanayi. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu ta kowace shekara don wayar da kai a kansa.

ABIN DA YA SHAFI ALƘALAMINMU

Na farko, mu duba yadda muke rubuta irin wannan yaro. A labaranmu hanya biyu muka fi bi: ko a mayar da shi dolon da ake dariya da shi, ko a ce aljani ne ya shafe shi, a babi na ƙarshe a yi masa magani ya tashi garau. Yanzu kuma fina-finan waje sun kawo ta uku, gwanin da ya fi kwamfuta lissafi. Tarihin nan ya nuna mana illar kowacce. Bettelheim ya ba da labari mai tsari da jan hankali, iyaye mata suka biya kuɗinsa. Masu idon gaggafa da kyakkyawar niyya suka zo, amma ba gaskiya ba ne. Uwar da ke da irin wannan ɗa tana cikin masu karanta mu a waya da daddare. Abin da muka rubuta yana iya sa ta kai shi asibiti, yana kuma iya sa ta ɓoye shi a ɗaki.

Na biyu, bincike. Idan muka ga an ce "masana sun gano", mu tambaya: mutum nawa aka gwada, kuma wani ya sake gwadawa? Mutum 15 ne suka haifar da maganar gaggafa.

Na uku, kallon kansa. Yawancin labaran da muke turowa nan don gyara suna cike da "haɗaɗɗen falo" da "tsadaddiyar mota". Wannan keken jariri ne, alwatikar ba ta fito ba. Mai karatu ba ya ganin falo sai an nuna masa abu ɗaya da ke cikinsa: ledar da ba a cire daga kujera ba, agogon bango da ya tsaya tun rasuwar mai gidan. Abin da wasu yara ke yi ba da zaɓinsu ba, har yakan gajiyar da su a kasuwa ko a aji mai hayaniya, mu sai mun koya da gangan.

Aikin wannan mako: kowa ya zauna minti 10 a ɗakin da ya fi sani, waya a aljihu. Ya rubuta abubuwa 5 da bai taɓa lura da su ba. Sannan ya rubuta sakin layi ɗaya ta idon yaron da ke zaune gaban zaren haske, ana kiransa daga tsakar gida. Kada a ambaci sunan wata lalura, kada a sa shi ya warke. A turo kafin Alhamis, za mu zaɓi uku mu tattauna.

Wanda yake da ɗa ko ƙane mai wannan yanayi, idan ya ga inda muka yi kuskure, ya gyara mana.